Yadda za ka auna ƙungiyar besbol a tsakiyar kaka ka gane ko ta ɗaukar kofi ce

Duk shekara in watan Yuli ya kama, a gasar besbol ta Amurka wato MLB ana ɗan tsayawa hutun kwana huɗu ko makamancin haka don wasan taurari, to a daidai lokacin nan ne magoya baya ke fara cacar baki, wannan ya ce ƙungiyarsu ta gama ɗaukar kofi, wancan ya ce tasu ta mutu murus a jira baɗi. Gaskiya yawancin masu wannan musu teburi kawai suke kallo, kuma teburin Yuli yana yaudara sosai. Zan nuna maka yadda nake bi in auna ƙungiya, kuma zan riƙa komawa kan Atlanta Braves ta 2021 saboda ban ga kakar da ta fi ta koyar da mutum wannan darasin ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ka fara riƙe wannan. Ƙungiyoyi 30 ne, 29 a Amurka ɗaya a Toronto ta Kanada, an raba su lig biyu, American da National, kowace lig rukuni uku. Kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Kai da ka saba da Firimiya mai wasa 38 sai ka sauya lissafi gaba ɗaya, don a besbol ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma tana shan kashi sau 55 ko 60 a kaka ɗaya, saboda haka in ka ga ƙungiyarka ta faɗi wasa biyar a jere kada hankalinka ya tashi, abu ne da ke faruwa da kowa.

To abu na farko, ka bar layin nasara da faɗuwa tukuna, ka je layin maki. A nan maki shi ne duk ɗan wasan da ya zagaye tashoshin nan huɗu ya dawo gida, su suna ce masa ran. Ka duba nawa ƙungiyar ta ci nawa aka ci ta, kamar dai yadda muke duba bambancin ƙwallaye a tamaula, sai dai a besbol wannan bambancin ya fi teburin kansa faɗin gaskiya. Akwai wani lissafi da Bill James, masanin alƙaluman besbol, ya fito da shi, ba wuya gare shi, da kalkuletar waya za ka yi. Ka ninka makin da aka ci da kansa, ka ninka wanda aka zura wa ƙungiyar da kansa, sai ka raba na farkon da jimillar su biyun. Misali a ce ƙungiya ta ci 400 an ci ta 350 a wasa 81. 400 sau 400 ya ba ka 160,000, 350 sau 350 ya ba ka 122,500, in ka haɗa 282,500, ka raba sai ka samu kusan kashi 57 cikin 100, wato ya kamata a ce ta yi nasara kamar sau 46. In ka duba teburi ka ga nasararta 53 ce, to sa'a ce ke ɗauke da ita kuma sa'a ba ta cika kai mutum Oktoba ba, watan da ake buga wasannin neman kofi bayan an gama kaka. In kuwa 40 ka gani, ƙungiyar ta fi yadda ake ganinta, ka sa mata ido.

Inda sa'ar ke ɓuya shi ne wasannin da ake tashi da tazarar maki ɗaya. Texas Rangers a 2016 ta ci irin waɗannan wasanni 36 ta faɗi 11 kacal, ta gama kaka da nasara 95, amma duk tsawon kakar makin da ta ci ya ɗara wanda aka ci ta da 8 ne kawai. Da aka shiga wasannin kifa ɗaya ƙwala Toronto ta share ta uku ba ko ɗaya. Duk wanda ya duba layin maki tun Yuli bai yi mamaki ba.

Yanzu mu zo kan Braves. Ranar da aka tafi hutun taurari a 2021 nasararsu 44 faɗuwa 45, ko rabi ba su kai ba, New York Mets ce a saman rukuninsu. Kuma abin da ya fi muni, ranar 10 ga Yuli a Miami babban tauraronsu Ronald Acuña Jr. ya yi tsalle zai cafe ƙwallo a can kusa da katanga, ya sauko a karkace jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare nan take. Wallahi har yau in na tuna yadda aka ɗauke shi a 'yar motar fili yana hawaye sai in ji wani iri, yaro ne ɗan shekara 23 yana cikin ganiyarsa. Mike Soroka ma, matashin majefinsu, jijiyar dunduniyarsa ta sake tsinkewa a watan Yuni. Duk wanda ya kalli teburi ranar zai ce shi kenan an gama da su. Amma bari mu bi su da awon da nake gaya maka.

Abu na biyu kuma wanda ni na fi ba wa nauyi shi ne majefa, masu jifan ƙwallo daga tudun tsakiyar fili. A kaka ƙungiya na juya majefan farko guda biyar, yau wannan gobe wancan, kowa ya huta kwana huɗu. Amma a Oktoba akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, don haka uku ko huɗu na sama ne ke ɗaukar kusan duk nauyin. Ka ga kenan tambaya biyu ce daban. Majefi na huɗu da na biyar su ne ke kai ka Oktoba, na ɗaya zuwa na uku su ne ke ɗauko maka kofi. Sai ka ɗauki takarda ka rubuta sunan mutum uku da za ka miƙa wa ƙwallo in gobe ne wasan ƙarshe, in ka rubuta biyu biro ya tsaya a hannunka kana tunanin na uku, to ka gano raunin ƙungiyarka. Braves na da Max Fried da Charlie Morton da Ian Anderson, uku cif, ko a lokacin da teburi ke nuna su a ƙasa.

Wajen auna majefi kowa ERA yake kawowa, wato matsakaicin makin da ake ci a kansa a zagaye tara, tsawon cikakken wasa kenan. Wajen 4 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da 3 gwani ne. Amma ERA na rabin kaka tana da ruɗi, saboda a cikinta akwai aikin masu tsaron fili da ke bayansa, akwai kuma ƙwallayen da aka buga da ƙarfi suka faɗa hannun mutum kai tsaye. Abin da ya fi tabbas shi ne abu uku da ke hannun majefin shi kaɗai, sau nawa yake fitar da mai bugu da jifa uku da ya kasa bugawa, sau nawa yake ba da tasha ta farko kyauta saboda jifansa ya kauce sau huɗu, sannan sau nawa ake buga masa ƙwallo ta haye katanga, wato homran. Majefin da ke fitar da mutane da yawa kuma ba ya rabon kyauta, ko ERA ɗinsa ta yi sama a watan Mayu za ta sauko. Wanda kuwa ERA ɗinsa ke ƙasa amma kullum tashoshi cike suke da mutane yana fita da ƙyar da jiɓin goshi, ranar ƙin dillanci na nan tafe.

Sai lafiya, kuma a nan ne Mets ta 2021 ta zama abin koyi ta ɗaya ɓangaren. Majefinsu Jacob deGrom a rabin farko na kakar nan abin da ya yi ya wuce misali, ERA 1.08, masu bugu na zuwa suna komawa kamar ba su riƙe sanda ba. Amma tun kafin Yuli jikinsa ke ta ƙorafi, yau gefen ciki gobe gwiwar hannu jibi kafaɗa, kuma bayan wasansa na 7 ga Yuli bai ƙara jifa ba a kakar. Mets da ke saman rukuni ta gama da nasara 77 faɗuwa 85. Don haka in ka ga ƙarfin ƙungiya duk a hannun mutum ɗaya yake, ka je ka duba tarihin rauninsa kafin ka yi musu da kowa. Ka duba jerin masu jinya, wanda aka sa a na kwana 10 ko 15 da sauƙi, wanda aka mayar na kwana 60 ka cire shi daga lissafi sai ka gan shi a fili da idonka. In kuwa ka ji an ce tiyatar Tommy John za a yi wa majefi a gwiwar hannu, wannan fiye da shekara ne, kada ma ka sa rai. Matasan majefa su ma ka duba yawan zagayen da suka taɓa jefawa a shekarun baya, yaron da bai taɓa wuce zagaye 120 ba in ya kai 100 tun Yuli, ƙungiya za ta fara taka masa birki ko hannun ya gaji da kansa a Satumba.

Daga nan sai majefan canji, waɗanda ke zaune a can gefe suna jiran a kira su daga zagaye na shida ko na bakwai, ana ce wa wurin nasu bulfen. Su ne suka fi komai wuyar hasashe saboda kowannensu zagaye 30 ko 35 kawai ya jefa zuwa tsakiyar kaka, mummunan dare biyu sun isa su ɓata masa lamba. Ni abin da nake tambaya shi ne, akwai mutum uku ko huɗu da koci zai iya kira in wasa ya yi zafi ba tare da gabansa ya faɗi ba, kuma akwai bahago a cikinsu? Bulfen ɗin Braves a rabin farko ya sha zubar da wasannin da ke hannu, magoya baya sun yi ta zagi, amma mutanen nan su ne dai Tyler Matzek da A.J. Minter da Luke Jackson da Will Smith da suka zo suka riƙe Oktoba. Ba zan manta wasa na shida da Los Angeles Dodgers a Oktoban nan ba, dare ya tsala a nan wajenmu don wasannin can sai sha biyu ko ɗayan dare suke farawa, zagaye na bakwai, Braves na gaba da 4 da 2, Dodgers na da mutum a tasha ta biyu da ta uku kuma ba a fitar da kowa ba, bugu ɗaya mai kyau ya isa a yi kunnen doki. Aka kira Matzek. Ya fitar da Albert Pujols, ya fitar da Steven Souza, sannan ga Mookie Betts ya shigo, shi ma jifa uku ya koma benci, Matzek ya sauko daga tudu yana naushin iska. Shi kuwa Will Smith da aka yi ta kuka da shi a kaka, duk wasannin Oktoban nan ba a ci maki ko ɗaya a kansa ba. Darasin a nan, raunin bulfen a Yuli shi ne raunin da ya fi saurin gyaruwa, ko da kansa ko a kasuwar musayar 'yan wasa, saboda haka kada ka yanke wa ƙungiya hukunci a kansa shi kaɗai.

Masu bugu ba sai na daɗe a kansu ba don kowa su yake kallo. Ka bar matsakaicin bugu, wato kason shigowar mai bugu da yake samun bugun da ya kai shi tasha, ka duba OPS, wato haɗin yawan isa tasha da ƙarfin bugu, ɗari bakwai da 'yan kai shi ne tsaka-tsaki, ɗari tara tauraro ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne su ƙirga daga ƙasa. Mutum tara ne a layi, to nawa ne a ciki majefin abokan gaba zai samu ya huta a kansu? In uku na ƙarshe duk ramuka ne, a Oktoba inda gwanayen majefa kaɗai za ka haɗu da su, sai a kauce wa taurarinka biyu a cinye sauran. Yankees ta 2022 ta je hutun taurari da nasara 64 faɗuwa 28, har ana maganar za ta kafa tarihi, Aaron Judge na ta zuba homran har ya kai 62 a ƙarshen kaka. Amma da Agusta ya zo rauni ya kama na kusa da shi, Michael King na bulfen ya karye a gwiwar hannu tun Yuli, sai ya zama in Judge bai buga ba babu mai bugawa, a watan nan wasa 10 suka ci suka faɗi 18. Sun dai kai Oktoba da nasara 99, Houston Astros ta share su huɗu ba ko ɗaya. Braves kuwa ko da Acuña ya tafi, 'yan cikin filinsu huɗu na nan daram, Freddie Freeman da Ozzie Albies da Dansby Swanson da Austin Riley, kuma kowannensu ya wuce homran 25 a kakar. Ramin nasu a wuri ɗaya yake, 'yan wajen fili, kuma rami ɗaya da aka san inda yake ana iya cike shi.

Wannan ya kawo mu kasuwa. A ƙarshen Yuli ake rufe musayar 'yan wasa, ranar na ɗan motsawa daga shekara zuwa shekara, a 2021 ranar 30 ga wata ce. A nan dole ka auna shugabannin ƙungiya su ma, masu saye ne ko masu sayarwa, suna da matasa a ƙananan lig da za su bayar, mai ƙungiyar zai yarda ya ƙara kuɗin albashi? Alex Anthopoulos, babban manajan Braves, da ya ga dama sai ya sayar da tsofaffi ya ce a tari baɗi, ba mai ganin laifinsa. Amma ya duba ya ga rukunin nasu ba mai ƙarfi ba ne, ba wanda ya tsere, sai ya shiga kasuwa. Kwana biyar bayan raunin Acuña ya ɗauko Joc Pederson daga Cubs, ranar rufe kasuwa kuma ya kwaso Adam Duvall daga Marlins, Jorge Soler daga Royals, da Eddie Rosario daga Cleveland. Ba wani babban suna mai tsada a ciki fa, Soler matsakaicin bugunsa bai kai .200 ba a lokacin, Rosario ma yana jinya aka sayo shi. Amma duk su huɗun 'yan wajen fili ne, daidai inda ramin yake. Shi ya sa in kana auna cinikin ƙungiyarka kada ka tambayi girman sunan wanda aka sayo, ka tambayi wa zai maye gurbi, don ɗan wasa tsaka-tsaki da ya karɓi wurin wanda ba ya taɓuka komai ya fi tauraron da aka ajiye a inda dama akwai mai yi.

Kada ka manta da maƙwabta da jadawali. Tun 2022 ƙungiya 12 ke shiga Oktoba, shida daga kowace lig, zakarun rukuni uku da wasu uku mafi nasara a sauran, kuma zakaru biyu na sama suna tsallake zagayen farko. Don haka tazarar wasa huɗu ko biyar a Yuli ba komai ba ce, musamman in akwai sauran karawa da yawa tsakaninka da wanda ke gabanka. Ka duba wasannin da suka rage, nawa ne a gida, nawa ne da ƙungiyoyin da suka riga suka sayar da 'yan wasansu suka saduda. Duk waɗannan lambobin kyauta suke a Baseball-Reference da FanGraphs, na biyun ma kullum yana fitar da kason yiwuwar kowace ƙungiya ta kai Oktoba, ka riƙa gwada naka lissafin da nasu.

To sai maganar kofin kanta, kuma a nan nake roƙonka ka sassauta. Zagayen farko wanda ya ci biyu cikin uku ne, na biyu uku cikin biyar, na kusa da ƙarshe da na ƙarshe, wato World Series, huɗu cikin bakwai. A wasan da ƙungiya mafi rauni ke iya doke mafi ƙarfi a kowane dare, wasa biyar ba su isa su nuna waye gwani ba. Seattle Mariners ta ci wasa 116 a 2001 ko World Series ba ta kai ba. Dodgers ta ci 111 a 2022, San Diego Padres ta fitar da ita a karawarta ta farko. St. Louis Cardinals kuwa da nasara 83 ta ɗauki kofi a 2006, Washington Nationals ta 2019 ma a ƙarshen Mayu tana da nasara 19 faɗuwa 31 amma ita ta ɗaga kofi saboda tana da Max Scherzer da Stephen Strasburg da Patrick Corbin. Saboda haka in ka gama awonka, kada ka ce wance za ta ɗauka, ka ce wance tana cikin huɗu ko biyar da ke da kayan aikin, ko wadda ta fi kowa a takarda damar faɗuwarta ta fi ta ɗaukar kofin yawa nesa ba kusa ba.

Braves ba ta haye rabi ba sai a farkon Agusta, ta gama da nasara 88, mafi ƙaranci a duk ƙungiyoyin da suka shiga Oktoban shekarar. Ta fitar da Milwaukee Brewers, ta fitar da Dodgers mai nasara 106 inda Rosario, wanda aka sayo yana jinya, ya yi bugu 14 da suka kai shi tasha a wasa shida aka ba shi gwarzon karawar. A wasan farko na World Series da Houston Astros ƙwallo ta daki Morton a ƙafa ƙashi ya tsage, ɗaya cikin ukun nan ya fita, bulfen ɗin da aka yi ta zagi a Yuni shi ya ɗauki nauyin. Ranar 2 ga Nuwamba a Houston, wasa na shida, Soler ya buga wata homran mai maki uku da ta fice daga filin gaba ɗaya, Fried ya jefa zagaye shida ba a ci shi ko ɗaya ba, aka tashi 7 da nema, kofinsu na farko tun 1995, kuma Soler ne gwarzon World Series ɗin.